Yadda za ku tsaya wa gwauruwa da marayunta kafin a kwashe gidan

Zaluntar matar da mijinta ya rasu ba ta jiran a share makoki. Ana tsakar gida ana rera waƙar ta'aziyya, wani yana ɗaka yana laluben makullin babur, wani ya riga ya zura wayar mamacin a aljihu, wata kuma tana ƙirga buhunan masara da ido. Mu 'yan ikilisiya mukan zo da mudun shinkafa da itace da littafin waƙa, mu yi ta "sai haƙuri," mu watse. Sai bayan wata biyu labari ya iso mu cewa an raba gonar, an ce matar ta tattara ta koma gidan ubanta, an kuma rarraba yaran. A lokacin za ka ji ana cewa Allah zai saka mata. Zai saka, ba shakka, amma aikin da ya ɗora mana daban ne.

Na daɗe a cikin zumuntar mata. Abin da zan rubuta a nan shi ne tsarin da nake bi, nake kuma roƙon dattawa su bi, daga ranar rasuwa har zuwa damina ta gaba.

Ku fara sanin abin da aka rubuta

Kafin ku taka ƙofar kowa, ku zauna da Fitowa 22:22-24 har ta zauna muku. A can Ubangiji ya hana a wulakanta gwauruwa ko maraya. Ya ce in aka wulakanta su, suka yi kuka gare shi, lalle zai ji, fushinsa zai yi ƙuna, ya kashe masu yin haka da takobi, matansu su zama gwauraye, 'ya'yansu su zama marayu. Ba a cika karanta wannan wuri a jana'iza ba, don yana da nauyi a baki. Ku lura ba a gindaya sharaɗin sai gwauruwar ta kasance mai ibada ko mai ladabi ga surukai ba. Kukanta kaɗai aka ambata.

Dokokin Musa a kan marasa ƙarfi ba su tsaya ga "ku ji tausayi" ba. Sun faɗi lokaci, sun kira kaya da sunansu. In ka karɓi mayafin talaka jingina, ka mayar masa kafin rana ta faɗi, don da shi zai kwana. Maimaitawar Shari'a sura 24 ta hana karɓar dutsen niƙa jingina, domin abincin mutum ke nan. Ta ce a biya ɗan ƙodago a ranar da ya yi aiki, kada rana ta faɗi da hakkinsa a hannunka. Tufar gwauruwa kuwa ba a karɓarta jingina sam. Firistoci 19:14 ya hana zagin kurma da ajiye wa makaho abin tuntuɓe, ya rufe da cewa ka ji tsoron Allahnka, domin irin wannan mugunta ce wadda wanda aka yi wa ba zai san wanda ya yi ba. Matar da take cikin makoki haka take a kwanakin farko, ba ta gani, ba ta ji, abin da aka miƙo mata ta sa hannu sai ta sa.

Sai Maimaitawar Shari'a 27:19, inda aka la'anta wanda ya danne hakkin baƙo da maraya da gwauruwa, aka kuma ce dukan jama'a su amsa da Amin. Jama'a duka, ba dangin matar kaɗai ba. Idan wani ya tare ku da cewa wannan maganar cikin gida ce, ina ruwan coci, ga ruwan cocin nan.

Ranar rasuwa

Da jin labari, mata biyu su tafi. Ba girki ne aikinsu ba, masu girki za su samu. Aikinsu su zauna da ita, ɗaya ta kwana. Ku zaɓi masu shekaru, waɗanda dangin mijin za su ji nauyinsu, masu kama bakinsu. Sa'ad da Bo'aza ya ga Rut a gonarsa, tun kafin ya miƙa mata gasasshen hatsi ya riga ya gargaɗi samarinsa kada su taɓa ta. Haka jerin yake, kariya tukuna, abinci daga baya.

A keɓe, a hankali, ku tambaye ta inda waɗannan suke: makullin ɗakinsa, wayarsa da layin da ke ciki, katin banki, takardar fili, takardar aure, takardun wurin aikinsa, takardun babur ko mota, da takardun haihuwar yara. A haɗa su a jaka ɗaya. Ita ta riƙe, ko ta ba wanda ita ta zaɓa, a rubuta abin da aka ba shi a gaban mutum biyu. Wayar ta fi komai saurin ɓata, domin a yau duk wanda yake riƙe da layin mutum ya kusa shiga asusunsa. Ku faɗa mata ita ma kada ta je ta ciri kuɗi da katin mamacin. Banki bai yarda da haka ba, kuma zai zama makami a hannun masu neman laifinta.

Ɗakinsa ya zauna a kulle. In ana neman kayan da za a sa wa gawa, ita ta shiga ta ɗauko. Za a sami mai cewa, "Ɗakin ɗan'uwana ne, wa zai hana ni?" Maimaitawar Shari'a 24:10-11 ta ce ko mai bin bashi, wanda yake da hakki na gaskiya, ba zai shiga gidan mutum ya ɗauko jingina ba, sai ya tsaya a waje a kawo masa. Balle wanda ba ya bin kowa ko sisi. Amma kada ku buɗe masa ayar a ranar, kada kuma ku ɗaga murya ga gawa a kwance. Ku rusuna ku ce, "Baba, a bari a binne shi tukuna. Komai yana nan, ba abin da zai ɓata." Yawanci wannan ya isa.

Ku sa ido a kan kuɗin jana'iza. Akwati mai tsada, rumfuna, kujeru, abincin ɗaruruwan mutane, anko, duk za a ce don a girmama mamaci, sai a sayar da shanun huɗarsa ko a ci bashi da sunan matar. Fasto yana da ikon cewa a rage, kuma ya kamata ya faɗa. Gudummawar da masu gaisuwa suke kawowa a rubuta ta a littafi, mutum biyu su riƙe, a miƙa mata hannu da hannu.

Rubutu da shaidu

Cikin makon farko, kafin baƙi su gama watsewa, a rubuta dukan abin da ya bari. Wasu za su ce rubutu rashin yarda ne tsakanin 'yan'uwa. Ku kai su Irmiya 32. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, annabi yana tsare, duk da haka da ya sayi gona a Anatot daga ɗan baffansa Hanamel a kan shekel 17 na azurfa, sai da ya rubuta takarda, ya kira shaidu, aka yi kwafi biyu, ɗaya a hatimce ɗaya a buɗe, ya ba Baruk ya sa a tukunyar ƙasa don su daɗe. Cinikin cikin dangi ne fa. Bo'aza ma bai yi maganar gonar Elimelek a ɗaki ba, ya tara dattawa 10 a ƙofar gari.

A rubuta hatsin da ke rumbu, da dabbobi har da waɗanda aka ba wani kiwo, da injin niƙa ko keken ɗinki, da bashin da yake bi, da wanda ake binsa, da adashen da yake zubi. Gonaki a bambanta su: wadda ya saya da kuɗinsa, wadda ya gada, wadda aka ba shi aro, wadda ya karɓa jingina. Sannan, a wani shafi dabam, a rubuta abin da matar ta mallaka da guminta, akuyoyinta, firjin da take sayar da zoɓo, kayan ɗakinta. Waɗannan ba gado ba ne, mai su tana raye. A yi kwafi uku, ɗaya nata, ɗaya na babban dangin, ɗaya a ofishin ikilisiya, kowa ya sa hannu, a kuma ɗauki hoton takardar a waya.

Iyakar gona tana bukatar tafiya da ƙafa. Kafin ruwan farko, ku ɗauki mai unguwa da maƙwabtan gonar da babban ɗan mamacin, ko da ɗan shekara goma ne, a zaga iyaka, a kafa duwatsu ko a dasa itace. Ba kasafai ake ƙwace gonar maraya a rana ɗaya ba. Kunya ɗaya ake ci bana, baɗi a ci biyu, kafin yaro ya girma rabin gonar ta tafi. Karin Magana 23:10-11 ta ce kada a kawar da tsohuwar iyaka, kada a shiga gonar marayu, gama mai fansarsu ƙaƙƙarfa ne, zai tsaya musu ya yi shari'a da kai. Sura 15 aya 25 kuma ta ce Ubangiji ne yake kafa iyakar gwauruwa.

Abin da dokar ƙasa ta ce

Ku duba wane irin aure aka ɗaura. Akwai bambanci tsakanin auren rajista, wanda aka yi a ofishin rajistar aure ko a cocin da yake da lasisi aka ba da takardar gwamnati, da auren gargajiya da aka kawo coci aka sa wa albarka. Na farkon, galibi dokar gwamnati ce take bin gadonsa, ba al'adar gari ba. Mata da yawa ba su san wanne ne nasu ba sai ranar ta zo. Ku kai takardar wa lauya ya duba. In babu kuɗi, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, da hukumar ba da taimakon shari'a kyauta ta gwamnatin tarayya, da hukumar kare hakkin ɗan Adam.

A karɓi takardar shaidar mutuwa daga hukumar ƙidayar jama'a. Kuɗin banki da na fansho ba sa fita sai da wasiyya ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda ake nema a sashen gado na babbar kotun jiha. A nan ake yawan yin dabara. Maza da yawa sun cike fom ɗin aiki tun suna samari, suka rubuta sunan wa ko ƙane a matsayin makusanci, ba su canja ba har mutuwa. Wannan suna bai mai da mutum magaji ba. Wanda za a nema ne in abu ya faru. Ku tabbata sunan matar yana cikin masu neman takardar kotun. In ma'aikaci ne a ƙarƙashin tsarin fansho na 2014, ku tambayi inshorar rai da doka ta wajabta wa mai ba da aiki, wadda ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba.

Ku riƙe abubuwa biyu kuma. A 2014 Kotun Ƙoli ta soke al'adar hana 'ya mace gadon ubanta a shari'ar Ukeje, bisa sashe na 42 na tsarin mulki, ta kuma yi watsi da al'adar korar gwauruwa daga gidan mijinta don ba ta haifi namiji ba a shari'ar Anekwe da Nweke. A kan al'adun Ibo aka yi shari'o'in, amma tsarin mulkin na kowa ne. Dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015 kuma ta sa ɗaurin da ya kai shekara 2, ko tarar da ta kai naira 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya tilasta wa gwauruwa al'ada mai cutarwa. A Abuja ta fara aiki, jihohi da dama sun yi tasu, sai ku nemi ta jiharku.

Zaman dangi

Wannan ne wurin da ake ci ko a sha ƙasa, don haka zan daɗe a kansa.

Kada ta shiga zaman ita kaɗai. Fasto ko dattijo ɗaya, shugabar zumuntar mata, da namiji ɗaya daga danginta su zauna tare da ita. Ku sanar tun da wuri cewa za ku zo, kada ya zama kun faɗo. Ku gaisa yadda ya kamata, ku yi wa dangin ta'aziyya da gaske, don su ma ɗansu ne ya mutu. Ku fara da saurare. Firistoci 19:15 ya hana son kai a shari'a ta kowane gefe, ba a goyon bayan talaka don talaucinsa, ba a jin tsoron babba don girmansa. Karin Magana 18:17 ta ce wanda ya fara kawo ƙara shi ake gani mai gaskiya, sai abokin shari'arsa ya zo. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wani lokaci ƙanen da gaske ya zuba kuɗinsa a ginin gidan. Sau da yawa kuma uwar mamacin tana zaune a gefe, ita ma gwauruwa ce, ɗan da yake ciyar da ita ne aka binne. In kuka tsaya wa matar kuka manta da tsohuwar, kun sauya wa zaluncin wuri ne kawai. A yanka mata nata tun a zaman.

Maganganun da za ku ji ba su da yawa, kusan iri ɗaya ne a ko'ina.

Za a ce mace ba ta gado. Ku buɗe Littafin Ƙidaya 27:1-11. 'Ya'yan Zelofehad mata biyar suka tsaya a gaban Musa da firist da shugabanni suka ce ubansu ya mutu bai bar ɗa ba, don me sunansa zai ɓace? Musa ya kai maganar gaban Ubangiji, Ubangiji ya ce gaskiya suka faɗa. Daga nan aka kafa jeri: 'ya'ya maza, in babu sai 'ya'ya mata, in babu sai 'yan'uwan mamacin, sannan baffanninsa. Wato ɗan'uwan mamaci ba ya kusantar gadon sai in babu ɗa ko 'ya ko ɗaya. Ayuba ma ya wuce haka, a sura 42 aya 15 ya ba 'ya'yansa mata gado tare da 'yan'uwansu maza.

Kada ku ɓoye abin da ba ya cikin jerin, don wani mai karatu a cikinsu zai fito da shi: ba a ambaci gwauruwar ba. Maƙwabtanmu Musulmi suna da kaso a rubuce, tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu, kuma kowa ya san shi. Mu ba mu da adadi irin wannan, shi ya sa al'ada take samun wurin shiga. Amma a Rut 4:3 Na'omi ce take sayar da gonar mijinta, bayan 'ya'yanta biyu sun riga sun mutu. Mika 2:9 kuma ya la'anci masu korar mata daga gidajensu. Abin da za ku tsaya a kai ke nan: dukiyar ta yara ce, uwarsu ce mai riƙe musu, ba kuma mai fitar da ita daga ɗakinta. In gonar ta dangi ce wadda ba a sayarwa, to a yarda ba za ta sayar ba, amma ta noma rabon mijinta.

Za a ce ƙanen mijin zai gaje ta, ai yana cikin Littafi. Yana ciki, a Maimaitawar Shari'a 25:5-10, amma ku karanta musu sharaɗin: sai in mutumin ya mutu bai bar ɗa ba, kuma manufar ita ce a haifa wa mamacin magaji, ba mai rai ya ƙara dukiya ba. Mai yara huɗu ba ta cikin wannan. A Sabon Alkawari kuwa 1 Korantiyawa 7:39 ta ce in miji ya mutu matar tana da 'yancin auren wanda take so, muddin cikin Ubangiji ne. Na lura masu kawo wannan aya ba sa kawo ta a kan gwauruwar da mijinta ya bar bashi kaɗai.

Mafi muni, za a ce ita ta kashe shi. Wannan zargi shi ne makullin sauran, don da zarar an ce mayya ce, ba mai jin kunyar korarta. A wasu wurare har a sa ta rantsuwa a kan gawa, ko a hana ta wanka, ko a aske mata kai dole. Kada ku bar maganar ta kwana. A fito da takardar asibiti a karanta abin da ya kashe shi. A karanta Maimaitawar Shari'a 19:15-19, inda aka ce ba a kama mutum sai da shaidu biyu ko uku, mai shaidar zur kuma a yi masa abin da ya so a yi wa wancan. Ku tuna musu da Nabot a 1 Sarakuna 21. Da azumi aka fara, aka zaunar da shi a gaban jama'a, aka kawo 'yan iska biyu suka ce ya zagi Allah da sarki, aka jajjefe shi. Gonar inabinsa ake so tun farko.

Duk abin da aka yanke a rubuta shi nan take, a sa hannu kafin a yi addu'ar rufewa.

Masu bin bashi da masu neman yara

Bashi na gaskiya a biya shi. A 2 Sarakuna 4 Elisha bai ce wa matar wani annabi, wadda mijinta ya mutu ya bar bashi, ta yi watsi da bashin ba. Ya tambaye ta abin da take da shi a gida, da man ya ƙaru ya ce ta sayar ta biya, ita da 'ya'yanta su ci sauran. Amma kowane mai bin bashi ya kawo shaida, ya zo ta hannun dattijo, a tsara biya a hankali, kada a taɓa abin da take neman abinci da shi. Keken ɗinkinta shi ne dutsen niƙan da aka hana ɗauka.

Mai bin bashin can 'ya'yanta biyu ya zo ɗauka bayi. A yau ba a cewa bayi. Gwaggo ce za ta zo daga birni ta ce, "Ba ni yarinyar nan in rage miki nauyi, zan sa ta makaranta." Wata da gaske take. Wata kuwa 'yar aiki take nema wadda ba za ta biya ba. Ayuba 24:9 ya lissafa masu fizge maraya daga nono cikin miyagu. Ku yi ƙoƙari yara su zauna da uwarsu. In ya zama dole a ba da riƙo, uwar ce za ta yarda, a san sunan makarantar da ajin, a sanar da faston garin da za ta, yarinyar ta riƙa zuwa hutu, wani ya riƙa ganin sakamakon jarabawarta. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP ce take bin wannan.

Mu ma 'yan zumunta mu duba gidajenmu. Yarinyar da take tashi da asuba ta yi wanke-wanke, 'ya'yanmu suna barci, wadda take cin ƙanzo a tsaye, take tsaron gida ranar Lahadi muna gaba muna waƙa, 'yar wace ce? Ayuba ya ce a 31:13-15, in ya ƙi sauraron kukan baransa ko baranyarsa, me zai ce ranar da Allah ya tashi bincike, tun da wanda ya yi shi a ciki shi ya yi su.

In mai cin gonar dattijo ne

Yakan faru, kuma a nan ikilisiya takan yi sanyi, musamman in shi ya sayi kwanon rufin majami'a. Ku bi Matiyu 18:15-17 yadda take: mutum ɗaya ya same shi a keɓe, in ya ƙi a koma da ɗaya ko biyu, in ya ƙi a kai gaban ikilisiya. Ku sa wa kowane mataki rana, in ba haka ba shekara za ta zagayo ana "muna kan magana." Nehemiya a sura 5, da ya ji kukan talakawa a kan manyan Yahudawa, ya tara babban taro ya ce a mayar musu da gonaki da gidaje a ranar, ya kira firistoci ya sa manyan suka rantse. Yarinya in ta yi ciki, kafin mako biyu an sa ta a horo an hana ta jibin Ubangiji. Da wuya ka ji an yi wa mai cin gonar marayu haka, alhali Yesu a Markus 12:40 ya ce masu cinye gidajen gwauraye suna doguwar addu'a don a gani, hukuncinsu zai fi tsanani.

In ya ƙi duk wannan, ta tafi kotu, ku raka ta. Zai kawo 1 Korantiyawa 6, cewa ba a kai ɗan'uwa ƙara gaban marasa bi. Ya ƙarasa karatun: Bulus ya kunyata ikilisiyar ne don ta rasa mai hikimar da zai raba gardama, a aya ta 8 kuma ya ce ku ne kuke zalunci da cuta, har ga 'yan'uwanku. Matar Shunem a 2 Sarakuna 8 ta dawo bayan shekara 7 ta kai kuka wurin sarki a kan gidanta da gonarta, sarki ya sa jami'i ya mayar mata da komai har da amfanin gonar na shekarun da ba ta nan.

Bayan ƙura ta lafa

A Ayyukan Manzanni 6, da aka yi gunaguni cewa ana tsallake wasu gwauraye a rabon abinci, manzanni ba su yi wa'azin haƙuri ba, sun sa an zaɓi mutum bakwai aka ba su aikin. Ku ma ku sa wa kowace gwauruwa mutum takamaimai mai leƙa ta, kuma mace, ko namiji tare da matarsa, don baki. Ku matsa wa dangi su ɗauki nasu, gama 1 Timoti 5:8 ta ce wanda bai kula da danginsa ba ya fi marar bi muni. Ikilisiya ta cike giɓin da ya rage: gayya a gonarta da ruwan farko, buhun taki, kuɗin makarantar zangon da ya biyo bayan rasuwar, jarin da za ta juya. Bo'aza ya sa masu girbi su riƙa zare zangarniya daga dami suna yarwa don Rut ta tsinta da hannunta, ya kuma hana a tsawata mata. Jera gwauraye a gaban majami'a da Kirsimeti, kowace da turmin atamfa a ka, a ɗauki hoto a sa a Facebook, ni dai ban ga inda ya yi kama da wannan ba.

Maza kuma da kuke karanta wannan da ranku, Ishaya ya ce wa sarki Hezekiya ya kintsa gidansa. Ku je wurin aiki da banki ku gyara sunan da kuka rubuta tun kuna samari. Ku nuna wa matanku inda takardun fili suke. Ku rubuta wasiyya, ku sa hannu a gaban shaidu biyu a zama ɗaya, waɗanda ba su da rabo a cikinta, sannan ku kai kwafi sashen gado na babbar kotun jiharku a ajiye.